Neman Izinin Gyara Layi Uku

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma sha huɗu na safiyar wata Talata wayar ofishinmu ta yi ƙara. Ba da ka nake faɗin lokacin ba, a rubuce yake a littafina, don a wancan zamanin duk abin da ya faru sai na rubuta, har lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka maido ta. Ranar ba ta taɓa fita daga raina ba. Da aka ce in rubuta wani abu domin ɗaliban da za su fita sanin makamar aiki bana, ita ce ta fara zo mini.

Ina shekara ta uku a karatun kimiyyar kwamfuta makaranta ta tura ni wata cibiyar koyar da kwamfuta a Jega, na wata shida. Cibiyar tana da reshe a Aliero da wani a Maiyama. Lokacin wayar salula ta fara shiga hannun mutane, amma intanet sai wurin da aka kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi. Mu a Jega muna da farantin, rassan ba su da shi. Ina zaune wurin gwaggona a cikin gari, ranar Asabar in tafi gida Jandutsi.

Ga wanda bai san ƙa'idar ba: ana ba ɗalibi littafi ya riƙa cika abin da ya yi kowace rana. A ƙarshe malami zai zo daga makaranta, shugaban wurin aiki ya sa hannu a gabansa cewa ɗalibi ya yi aiki lafiya, bai ɓata komai ba. In babu wannan sa hannu, wata shidan sun tafi a banza, sai a maimaita shekara. Malamina ranar Juma'a zai zo. Wannan Talatar kuwa ta makon ƙarshe ce.

Shugaban cibiyar shi ne Malam Bawa Katanga, ma'aikacin gwamnati mai mataki na goma sha biyu, wanda ya daɗe a sashen mulki kafin a ba shi wurin. Bai san kwamfuta sosai ba, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Abin da ya sani shi ne fayil. Ko ƙwan fitila ne ya mutu, sai an buɗe masa fayil. Akawunsa Baba Sahabi ne, dattijo mai buga tafireta tun kafin a raba jiha, wanda ke kallon kwamfutocinmu kamar baƙin da suka wuce kwanakinsu.

Kwamfutocin ba sa aiki da babbar manhajar nan da ake saye. Wani mai yi wa ƙasa hidima da ya riga ni zuwa ya saka musu ta kyauta, irin wadda masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su gina. Tana da babban ma'aji a intanet inda aka tara ƙananan manhajoji masu ɗimbin yawa, kowace da bayaninta: sunanta, lambar bugunta, waɗanda take bukata kafin ta yi aiki, da sunan mai kula da ita. Tunda rassa ba su da intanet, sai aka ware kwamfuta ɗaya a Jega, ana kwafo abin da muke bukata ana ajiyewa a cikinta, daga nan a zuba a faifai a kai musu. Baba Sahabi ne ya raɗa wa kwamfutar nan suna rumbu, kowace ƙaramar manhaja kuma ya ce dami ce. Sunan ya bi su, har ni da nake karatun abin na koma faɗin haka.

Aikin da aka ba ni na ƙarshe shi ne wannan. Manhajar da muke buga satifiket ɗin ɗalibai da ita, da wadda ke koyar da buga rubutu, duk da yaren kwamfuta ɗaya aka rubuta su. Sai aka fitar da sabon bugu na yaren. A rumbunmu akwai dami arba'in da biyu na wannan yare, kuma in aka sabunta yaren dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a sabunta, bisa tsari, don wani a kan wani yake zaune. Na yi mako uku ina yi. Na ja layi a littafina, kowane dami da tsohuwar lambarsa da sabuwa da ranar da na gama shi.

Arba'in da ɗaya suka tafi lafiya. Na arba'in da biyu ɗan ƙarami ne, aikinsa zana layuka da adon gefen takarda. Na duba babban ma'aji na ga lambarsa ba ta motsa ba, babu wanda ya daidaita shi da sabon yaren. Na sa masa alamar tambaya da jan biro. Hanyar tabbatarwa ita ce in buɗe manhajar satifiket in gwada, amma ita tana da kalmar sirri, kalmar kuma tana wurin Malam Bawa.

Sau uku na je ƙofarsa. Na farko yana da baƙi, na juya. Na biyu yana cin abinci, na juya. Na uku ya ɗago kai ya ce, "Lahiya, Luba?"

Na ce, "Lafiya lau, Malam. Gaishe ka na zo yi."

Ya ce, "Allah shi yi albarka." Na koma kujerata.

Ranar Litinin aka kai faifai Aliero da Maiyama. Da yake rumbun ya cika, sai na goge tsohon bugun don in sami wurin zuba sabon. Haka na tara kuskure biyu a mako ɗaya, na kuma rubuta su duka a littafi da kyakkyawan rubutu.

Mai kiran wayar ranar Talatar nan Hajiya Kulu ce, shugabar reshen Maiyama. Taubashiyar Malam Bawa ce, don haka ita kaɗai ke iya faɗa masa abin da ta ga dama. Muryarta kuwa ba ta bukatar a matsa kusa da waya.

"Bawa, mi kunka aiko muna jiya?"

"Sabon kaya na, Hajiya. Na zamani."

"To na zamanin ya ƙi buɗewa. Mata ashirin da takwas gare ni masu karɓar satifiket ran Asabar. An ɗinka anko, an gayyato maza, an sayi shinkafa. Na danna abin ga, ya hiddo man baƙin allo da rubutun da ko boka bai iya karantawa."

Malam Bawa ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya dube ni. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, littafi rungume a ƙirji. Na buɗe masa shafin, na nuna alamar tambayar da yatsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Tun yaushe wagga alama take nan?"

"Tun Larabar da ta wuce."

"Ran da kinka zo gaishe ni."

Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Luba, ni ban yi hushi ba. Amma hannuna ba shi hawa takardar da tac ce ba ki ɓata komi ba, alhali Maiyama na tsaye. Ki gyara kahin Juma'a."

Ya rubuta mini kalmar sirrin a ƙyallen takarda. Sunan ƙauyensu ne. Da na yi ƙarfin hali na gwada da kaina, da tuni na buɗe.

Bayan azahar na zauna na buɗe cikin damin. Irin waɗannan manhajoji na kyauta a buɗe suke, kowa na iya karanta yadda aka rubuta su. Bai wuce layi ɗari biyu ba. Na bi shi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kafin la'asar na gano matsalar: layi uku ne aka rubuta su da salon da sabon yaren ya daina karɓa. Na rubuta gyaran da fensir a littafina, na duba sau biyu, sannan na gwada a wata kwamfuta ta lungu da ɗalibai ba sa taɓawa. Manhajar ta buɗe. Firinta ta fito da satifiket, adon gefe ras, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Na kai masa da hannu biyu. Ya ɗaga takardar ya haska ta a taga, ya yi murmushi, har ya kai hannu zai ɗauki waya. Sai ya tsaya.

"Ƙaƙa kinka yi?"

"Layi uku na canza a cikin damin."

"Damin wa?"

Na nuna masa sunan da ke saman rubutun, wani suna mai wuyar faɗa, da adireshin imel a gefensa.

"Ya sani?"

"A'a, Malam."

Ya ajiye wayar. "Ke ɗiyar manoma ta, Luba. In kin ga iyakar gonar maƙwabcinki ta karkace, kina tashi da sahe ki miƙe mai ita don kin iya riƙon kalme?"

Na ce akwai takardar sharaɗi da ke tare da kowane dami, ta ce kowa na iya kwafa, ya gyara, ya raba. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a ofishin. Ya ce in bugo masa ita. Na bugo, shafi biyar. Ya duba farko, ya duba ƙarshe, ya juya bayanta.

"Ina hatimi?"

"Babu."

"Wa yas sa hannu?"

"Babu wanda ya sa."

"To wagga ba izini ba ta. Ra'ayi na." Ya buɗe aljihun tebur ya kulle satifiket ɗin gwajin a ciki, ya ce shaida ce. Sannan ya kira Baba Sahabi ya ce a buɗe fayil, za a rubuta wa hedikwatar masu manhajar.

Ban taɓa ganin Baba Sahabi cikin nishaɗi irin na ranar ba. Ya yaye wa tafireta mayafinta, ya hura ta, ya zauna ya gyara hula. Ya ce takardar manya ba a buga ta a kwamfuta. Ya tambaye ni muƙamin wanda za a rubuta wa. Na ce a hankali, ina jin ba su da shugaba irin wannan.

"Babu aikin da ba shi da babba, ɗiyata. Ko zuma na da sarki." Ya buga: Babban Darakta.

Wasiƙar ta cika shafi biyu. Shafin farko gaisuwa ce da tarihin cibiya tun ranar da aka share filinta. A na biyu aka yaba wa Darakta kan ƙoƙarinsa na ciyar da al'umma gaba. Sai a sakin layi na ƙarshe aka roƙi alfarmar a duba yiwuwar ba da izinin a duba yiwuwar gyara wani sashe. Ba a faɗi wane sashe ba. Baba Sahabi ya ce ba a zuba wa babba bayani duka a takardar farko, sai ya nema.

Laraba da safe Malam Bawa ya sa hannu, aka buga hatimi, na ɗauki hoton shafukan da sikana don in tura wa adireshin imel ɗin da ke jikin damin. Hoton ya yi nauyi, farantinmu kuma a hankali yake tafiya kamar jakin da ya sha kaya. Minti hamsin kafin ya wuce. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga amsa.

Malam Bawa ya dubi Baba Sahabi. "Ka gani? Mutanen ga ba su kwana da fayil."

Na karanta. Na ce saƙon ya dawo ne, adireshin ba ya aiki kuma.

"Wa yar rubuto?"

"Inji ne, Malam. Shi ke maido da saƙo in bai sami mai shi ba."

Baba Sahabi ya yi dariyar wanda ya ga jiya ya ga yau. "Sakatare na. Mu munka san wanga aiki. In an ce maka oga ba shi nan, shina ciki shina shan shayi. Laihinmu na, mun tahi hannu rabbana."

Lokacin kakar albasa ne, motoci na ta fita daga Aliero shaƙe da buhuna. Malam Bawa ya kira reshenmu na can ya ce a zaɓo buhu ɗaya mai kyau, manya-manya, wadda ta bushe sosai don tafiyar mai nisa ce. Ni kuma aka ce in nemo adireshin gidan mutumin. Na san babu inda za a kai albasa. Amma na zauna na yi rabin awa ina nema, don faɗin a'a ya fi mini nauyi. A littafina na rubuta: binciken adireshi, minti talatin.

Da hakan bai yiwu ba, na ce akwai wani wuri. Masu kula da irin waɗannan manhajoji suna da zaure na wasiƙu: adireshi ne ɗaya, duk wanda ya rubuta masa, saƙon zai je wa kowa da ke cikin aikin, wanda ya sani ya amsa. Malam Bawa ya ce ai majalisa ke nan, da ma can ya kamata a fara. Muka sake tura shafuka biyun. Wani minti hamsin. Inji ya sake amsawa, ya ce saƙon ya yi girma, an riƙe shi sai mai tacewa ya duba.

"An sa shi a fayil," in ji Malam Bawa. "Ci gaba na."

Da yamma gwaggona ta zuba mini tuwo na kasa ci. Ta ce ko zazzaɓi ne, na ce gajiya ce. Abin da ke raina shi ne ranar Asabar: yadda zan zauna gaban babana a Jandutsi in ce masa zan maimaita shekara, ya tambaye ni dalili, in ce don na kasa buɗe baki a ƙofar ofis. Gyaran yana nan a littafina, layi uku da fensir. Na buɗe na sake dubawa, ko za su zama kuskure in huta. Daidai suke.

Alhamis wajen ƙarfe goma sai ga Hajiya Kulu da kanta. Motar haya ta hawo daga Maiyama, kwamfutar a cinyarta naɗe da zani. Ta shigo ta dire ta a kan teburin Malam Bawa, daidai kan fayil ɗin.

"Ga gawarku nan, ku yi mata sutura."

"Hajiya, ana bin matakai."

"Matakan bene? Kai tun muna yara haka kake. In an aike ka ɗebo wuta sai ka tambayi wa ad da garwashin." Ta waiwaya ta ga buhun albasa a jingine a bango, an kawo shi da sassafe. Ta tambaya, Baba Sahabi ya yi mata bayani da gaske. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a sa mata shi a mota in za ta koma, matanta na da girkin walima, kuma su ma manya ne.

Sai ta juyo kaina. "Ke ta Luba?"

Na durƙusa na gaishe ta, idona a ƙasa.

"Ɗago kanki, babu kwamfuta a ƙasa. Kin san abin da ya lalace?"

"Na sani."

"Kina iya gyarawa?"

Na dubi Malam Bawa. Ya dubi rufi. Na ce, "Na gyara tun Talata. Gwajin yana kulle a aljihun teburin Malam, izini ake nema."

Ta zauna a hankali a kan kujera. Sannan ta ce, "Bawa, tun Talata nake kwana ina lissahin abin da zan hwaɗa ma mata ashirin da takwas, ashe maganin na cikin aljihun teburinka."

Ina tsammanin zai ji kunya ya buɗe aljihun. Bai buɗe ba. Ya cire tabarau ya ce, "Kulu, takardar tuhuma guda na taɓa samu a aikin gwamnati. Benci shida na ara ma wata makaranta ran jarrabawa, ba da takarda ba. An maido su lahiya lau. Shekara huɗu takardag ga tana cikin fayil ɗina tana hana ni ƙarin girma. Tun ran nan ban taɓa kayan da ba nawa ba sai da rubutu. Wanga abu kuwa sunan wani ke kansa."

Hajiya Kulu ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce, "To mi kake so?"

"Mutum guda daga cikinsu, mai suna, ba inji ba, shi rubuto shi ce a gyara. Ko layi guda na. In na gani, ta gyara, in sa mata hannu."

"Shi ke nan." Ta ja kujerarta kusa da tawa. "Ke, ƙaƙa mutanen ga ke rubutu in suna magana da junansu?"

Na ce gajere suke yi. Ga abin da ya lalace, ga yadda na gani, ga gyara. Ba sa ko tambayar lafiya.

"Ina kinka sani?"

Na ce wata biyar ke nan kullum ina karanta wasiƙun zauren nasu, in an tada injin wuta da safe.

"Kin taɓa rubuta masu?"

"A'a."

"Wata biyar kina zaune zauren mutane ko sallama ba ki yi ba. To yau za ki yi. Sahabi, ruhe tafiretarka."

Awa ɗaya muka yi kan wasiƙar nan. Ina bugawa da Turanci, ina fassara mata, tana yankewa. Na rubuta ina fatan suna lafiya tare da iyalansu. Ta ce, "Kin san iyalan? Cire." Na rubuta ina neman gafara don ni ɗaliba ce, wataƙila ban fahimta ba. Ta ce, "Kin hwahimta ko ba ki hwahimta ba?" Na ce na fahimta. "Cire." Na rubuta cewa in suna da aiki kada su damu da amsawa. Wannan kallona kawai ta yi, na goge.

Baba Sahabi yana gefe yana girgiza kai, yana cewa ko aiken gishiri ya fi wannan ladabi.

Abin da ya rage layi biyar ne: sunana da inda nake, sunan damin da abin da yake yi a sabon yaren, layuka ukun kafin gyara da bayan gyara, cewa na gwada ya yi aiki, da tambaya ɗaya: wa ke da alhakin wannan dami, don in nemi izininsa? Gaisuwa kalma ɗaya na roƙa ta bar mini a sama, ta bari. Ƙarfe goma sha biyu da minti arba'in na tura wa zauren. Ya wuce kafin in ɗauke yatsana.

Har aka tashi aiki babu amsa. Hajiya Kulu ta ce ba za ta koma Maiyama ba, za ta kwana gidan 'yar'uwarta ta ga ƙarshen abin.

Juma'a ƙarfe goma malamina ya iso. Malam Bawa ya tarbe shi da fura, suka yi hirar hanya da zafin bana. Littafina yana buɗe a kan tebur a shafin ƙarshe, biro a kwance a kai, babu wanda ya taɓa shi. Malamin ya yaba tsabtar rubutuna, ya ce bai ga ɗalibin da ya cika littafi haka ba. Sannan ya ce ƙarfe goma sha ɗaya da rabi zai wuce Aliero, yana da wani ɗalibi can, kuma yana so ya sami Juma'a. Malam Bawa ya ce akwai wata 'yar takarda da ake jira daga ƙasar waje. Malamin ya ɗauka wani babban abu ne, ya gyara zama.

Duk minti biyar sai na duba. Sau ɗaya injin wuta ya yi tari, dukanmu muka dubi taga. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyu saƙo ya shigo.

"Mutum na ko inji?" in ji Malam Bawa.

"Mutum ce. Mace ce, ga sunanta a ƙasa."

Bai yarda in karanta daga allo ba. Sai da na buga ta a takarda, Baba Sahabi ya buga mata hatimin karɓa, ya rubuta lambar fayil a kusurwa, sannan aka miƙo mini aka ce in karanta in mayar da Hausa.

Da na gama, Malam Bawa ya ce in sake karanta ƙarshen. Na sake. Sannan ya ɗauki biro ya sa hannu a littafina, ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini satifiket ɗin gwajin. Hajiya Kulu ta yi dariya har ta dafa bango. Kafin la'asar mun buga satifiket ashirin da takwas, an kuma aika sabon faifai Aliero. Baba Sahabi kuwa daga ranar har na bar wurin, in na shigo sai ya miƙe rabin miƙewa ya ce, "Ranki shi daɗe."

Ku da za ku fita bana, ga abin da na ɗauko daga makon nan. Kada ku goge tsohon bugu sai sabon ya yi aiki a kowane lungu, har lungun da aka kulle da kalmar sirri. Alamar tambaya a littafi ba ta da baki, ku ne bakinta. Kuma kada ku yi saurin yi wa Malam Bawa dariya. Ya yi kuskuren zaton akwai Darakta, amma bai yi kuskuren cewa sai an gaya wa masu abu ba. Da na gyara a ɓoye, da Maiyama kaɗai ta amfana, wani kuma a wata ƙasa yana can yana kallon baƙin allo irin na Hajiya Kulu. Aikin nan ba shi da shugaba, amma yana da amana, kuma mutanensa sun fi son ka ce ga abin da ya lalace da ka tambayi lafiyar iyalinsu.

Takardar tana wurina har yau, da hatiminta. Ga abin da ta ce, yadda na fassara musu a ranar:

"Sannu, Lubabatu. Na gwada gyaranki, daidai yake, na kuma saka shi a babban ma'aji. Na ga wasiƙar ofishinku ma, na gode, amma ni ba darakta ba ce. A ɗakin karatu nake aiki, wannan kuwa ina yin sa ne in na sami sarari. Kin tambayi wanda ke da alhakin damin don ki nemi izininsa. Wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin aikin, babu kuma wanda ya ɗauka. Al'adarmu ita ce, wanda ya kula har ya gyara, shi ke riƙewa. Na rubuta sunanki a kai, zan riƙa duba miki har ki saba. Ki gaya wa shugabanku, duk lokacin da yake son a taɓa wannan dami, ke zai rubuta wa."